Amsa ga malamin da ya nemi shaidata kafin in yi magana a kan shayi

Assalamu alaikum, Allah ya gafarta malam.

Tambayar da ka jefa mini a bainar jama'a ta iso gare ni ta bakin wasu, ko da yake kana da lambar wayata. Ka nemi in faɗa wa duniya makarantar da na karanta harshen Sinanci, har nake iƙirarin cewa kalmar tea, wadda Turawan Ingila ba sa karya kumallo ba tare da ita ba, da kalmar shayi tamu tushensu ɗaya ne. Ka kuma ƙara da cewa nufina shi ne in ƙwace wa Larabci haƙƙinsa in miƙa wa Nasara. Batun makaranta ba zan ɓata masa tawada ba, domin kai ma ba a Landan aka yanke maka cibiya ba, kuma hakan bai hana ka gyara wa yara Turanci ba. Zargi na biyun ne ya yi mini zafi, saboda an jingina shi ga mutumin da ya fara riƙe allo tun kafin ya ga littafin boko.

Ban taɓa musun cewa daga bakin Larabawa Bahaushe ya karɓi shayi ba. Abin da na ce shi ne, Balaraben ma arowa ya yi. Ganyen daga ƙasar Sin ya fito, kuma Sinawa suna rubuta sunansa da alama guda, sai dai furucinta ya bambanta daga yanki zuwa yanki: mafi yawansu suna cewa cha, mutanen gaɓar teku na lardin Fujiyan kuwa, musamman na tashar jiragen ruwa ta Amoy, suna cewa te. Furucin farko ya bi ayari ta kan tudu ya shiga Farisanci a matsayin chay, ya bazu zuwa Rasha da Turkiyya da Indiya, kuma da yake daidaitaccen Larabci ba shi da wannan sauti na farkon kalmar, sai ta koma shay, mu kuma muka ɗora mata wasali a ƙarshe kamar yadda muka saba yi wa kalmomin aro.

Furuci na biyu ta ruwa ya bi. Kamfanin 'yan kasuwar Holan mai fatauci a gabashin duniya, wanda aka kafa a 1602, ya yi hulɗa da fataken Fujiyan a tsibirin Jaba na ƙasar Indonesiya ta yau, ya kai ganyen tare da sunansa zuwa birnin Amsadam, daga nan Faransawa da Jamusawa da Ingilawa suka ɗauka. A 1658 wata jaridar Landan ta buga tallar wannan abin sha, ta ambaci sunayen nan biyu a jere, kuma a watan Satumban 1660 wani jami'in gwamnatin Ingila mai suna Samuel Pepys ya rubuta a littafin ajiyarsa na yau da kullum cewa ya sha kofi guda na wani abin shan Sinawa da bai taɓa ɗanɗanawa ba. Turawan Fotugal, da suka zauna a Makau da ke gaɓar ƙasar Sin, cha suke cewa har gobe, kuma gimbiyarsu Katarina da ta auri Sarki Charles na biyu a 1662 ta sa shan shayi ya zama ado a fadar Ingila, amma kalmar mutanenta ba ta iya ture ta 'yan Holan ba. To a cikin wannan labari, malam, ina abin da aka miƙa wa Nasara, alhali shi ma hannu ya miƙa aka ba shi?

Dariyar da ka yi mini don na ce tea kan nufi abinci ba ta cancanci dogon bayani ba. A arewacin Ingila da Sikotilan iyalai da yawa haka suke kiran cin abincin yamma, a teburin mai shayin unguwarku kuma ana dama Milo da madara, babu ganye ko ɗaya, a kira shi ti.

Abin da ya fi damuna ya wuce ni da kai. Mun wayi gari tushen kalma ya zama ma'aunin imani, wanda duk ya ce wata kalmar Larabci baƙuwa ce sai a fara duba tsawon wandonsa, kuma galibi masu tayar da wannan ƙura su ne waɗanda suka ga cewa husuma ta fi karatu saurin tara mabiya a Facebook. Malaman Larabci na farko ba su da wannan fargaba. Jawaliƙi ya wallafa littafi sukutum a ƙarni na 12 a kan kalmomin da Larabci ya aro, Imam Suyuɗi da ake karanta littattafansa a zaurukanmu shi ma ya yi rubutu a wannan fanni, kuma ba mu ji an tambaye su takardar shaidar Farisanci ba.

Tun da a gaban jama'a ka yi tambaya, a gaban jama'a nake roƙonka ka buɗe babban ƙamus ɗin Larabcin nan, Lisanul Arab na Ibn Manzur, wanda aka kammala a ƙarshen ƙarni na 13, ka nuna mana shafin da aka fassara shay a matsayin abin sha.

Wassalam.