Godiya ga Mata Lauyoyi na FIDA, Reshen Jihar Kebbi

Assalamu alaikum.

Ni ɗan kasuwa ne a Jega, albasar Aliero nake saye ina lodi zuwa Kudu. Rubutu a intanet ba aikina ba ne, amma yaba kyauta tukwici, kuma ba ni da wani tukwicin da ya wuce in faɗa a bainar jama'a.

Da laifina zan fara. Sau biyu ƙanwata na zuwa gida fuska a kumbure, sau biyu ni da kaina na goya ta a babur na mai da ita ɗakinta. Abin da Inna ta ce mata shi na maimaita: ki yi haƙuri, ki dubi 'ya'yanki. A karo na uku maƙwabta ne suka kawo ta da dare, hannun hagu a karye, mijin ya watso mata kaya waje ya riƙe yara biyu. Niyyarmu mu kira mai ɗori a rufa asiri. Wata ma'aikaciyar jinya, ƙawar mai ɗakina, ita ta hana. Ta ce a je asibiti a ɗauki hoton ƙashi, likita ya rubuta abin da ya gani, sannan mu nemi FIDA a Birnin Kebbi.

Ranar da muka je, na gyara zama zan kora bayani, sai Barista ta ce, "Yaya, ɗan ba mu wuri." Raina ya sosu, ba zan ɓoye ba. Na fi awa guda a kan benci a waje. Da suka fito idon ƙanwata ya yi ja, amma kanta a ɗage. A mota take ce mini tambayar farko da aka yi mata ita ce, "Ke me kike so?" Shekara bakwai tana cikin wannan hali, babu ɗayanmu da ya taɓa tambayarta haka.

Abin da ya fi burge ni shi ne ba a yi ta wurga mu daga ofis zuwa ofis ba. Barista da kanta ta kira jami'ar 'yan sanda mai kula da ƙorafin mata da yara, ta sanar da Ma'aikatar Harkokin Mata, ta haɗa mu da wani lauya na Hukumar Ba da Tallafin Shari'a, wadda gwamnatin tarayya ta kafa tun 1976 don marasa ƙarfi, ni kuwa ban taɓa jin sunanta ba. Takardar likitan nan ɗaya ita ta zagaya ko'ina. Ƙanwata ba ta sake tsayawa gaban baƙin fuska tana tona cikinta daga farko ba. Ko sisi ba a karɓa a hannunmu ba.

Baba ne ya fi ba da wuya. A ganinsa wannan aikin Turawa ne, masu raba aure. Mijin kuma ya kafe sai dai a yi kul'i, ta mayar da sadaki. Barista ta durƙusa ta gaida Baba, ta yi masa bayani da abin da ya sani: a mazhabar Malikiyya da kotunanmu na shari'ar Musulunci ke bi, idan cutarwa ta tabbata, alƙali na iya raba auren ba tare da mace ta biya komai ba. Riƙon ƙananan yara na uwa ne, ciyar da su na kan uba. Sannan ta kawo dokar hana cin zarafin jama'a ta 2015, wadda Kebbi ma ta amince da irinta, inda dukan mata da korarta daga gida da ƙarfi laifi ne. Baba ya daɗe shiru, ya ce, "To, Allah ya yi muku albarka."

Zama huɗu aka yi a kotu. An raba auren, yara sun dawo hannun uwarsu, an yanka wa uban kuɗin ciyarwa duk wata.

Akwai saƙon da Barista ta roƙi in isar duk inda na zauna. Idan fyaɗe ne, kada a tsaya taron dangi, kada a wanke tufafin, a garzaya asibiti. Maganin kariya daga cutar ƙanjamau sai an fara shi cikin awa 72 yake aiki.

Ina da roƙo ɗaya. Mu Jega kusa muke, duk da haka kuɗin mota ya ci mana tuwo a ƙwarya. Ina ga matar da ke Yauri ko Zuru? Da za ku riƙa leƙo ƙananan hukumomi ko sau ɗaya a wata, ranar kasuwa, ni zan nema muku wurin zama a Jega.

Hannun ya warke, sai dai yana yi mata tsami da hunturu. Ta koma ƙuli-ƙulinta, kuma ta ce in gaida Barista da kyau.

Naku,
Wani yaya daga Jega