Wasiƙa zuwa ga aminina kan kayan fara sassaƙa

Assalamu alaikum aminina,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyali. Saƙonka ya iso, na kuma yi dariya da na ga kai ma sha'awar sassaƙa ta kama ka, kai da a da ko fensir ba ka iya fiƙewa. Ka tambaye ni me za ka saya. To, kada ka yi irin wautar da na yi.

Lokacin da zan fara, na sayi akwatin nan mai kayan aiki goma sha biyu, kowanne da ƙotarsa mai sheƙi. Ranar farko na ɗora ɗaya a kan itace na danna, sai bakin ya lanƙwashe kamar murfin gwangwani. Har yau goma daga cikinsu suna kwance a akwatin, sun yi tsatsa.

Wuƙa ɗaya mai kyau ta ishe ka farawa. Nemi mai gajeren baki, santimita 4 zuwa 6, wadda ba a naɗewa, don mai naɗewa tana iya rufewa a kan yatsanka. Morakniv 120, ƙirar ƙasar Suwidin, ita ce a hannuna. Riƙe ƙotar ka ji ko ta zauna a tafinka, domin idan ta yi maka siriri, kafin awa ɗaya hannu ya ƙage.

Sai abin da sabon shiga ke rainawa: kayan wasa wuƙa. Wallahi wannan ya fi wuƙar kanta muhimmanci. Dakusasshiyar wuƙa ita ke yanka mutum, don sai ka sa ƙarfi, ta zame, ta sauka inda ba ka nufa ba. Tabon da ke babban yatsana na hagu shaida ne. Samu dutsen wasawa mai lamba 1000 (lambar laushin dutse ke nan, iya yawanta iya laushinsa), da wani mai laushi kamar 6000, sannan ɗan ƙyallen fata da aka manna a katako, a shafa masa sinadarin gogewa. Duk bayan minti 20 ko 30 na aiki, ka ja bakin wuƙar a kan fatar, kaifin yana kallon baya, kamar sau goma kowane gefe. In ka riƙe wannan, ba kullum za ka koma kan dutse ba. Gwajin kaifi kuwa, yanki itacen ta kai, a gicciye. In wurin ya fito sumul yana ɗan ƙyalli, ta yi. In ya bar farin layi ko ya yage, koma wasawa.

Safar hannu wadda wuƙa ba ta saurin yankawa, sa ta a hannun da ke riƙe itacen. Ba ta hana tsini huda, saboda haka kada ka saki jiki.

Cizal mai kwarmi da mai baki kamar harafin V, bar su sai aikin da kansa ya nema. In cokali kake so ka fafe, a nan za ka buƙaci wuƙa mai lanƙwasa. Gizago da guduma kuma ba yanzu ba.

Kada ka fara da busasshen itace mai tauri, zai sa ka tsani abin tun ranar farko. Ɗanyen reshe ya fi sauƙin yanka nesa ba kusa ba, sai dai yakan tsage in ya bushe da sauri. Ka lura da yadda zaren itacen ya kwanta: in wuƙa ta fara nutsewa tana ɓantarowa, juya shi ka yanko ta ɗaya ɓangaren.

Turo mini hoton abin da ka fara sassaƙawa, ko da ya fi kama da turke. Nawa na farko tsuntsu na nufa, yarana suka ce kifi ne.

Ka gaida mutanen gida.

Naka har kullum,
Amininka