Gangar Ayalan: a masussuka ta taso, ba a fagen daga ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili mu yi gyara kan gangar gargajiyar mutanen Ayalan, wato bodhran, da ake furtawa "bauran". Ana yawan cewa gangar yaƙi ce ta dubban shekaru, alhali babu hujjar da ta tabbatar da haka.

Wanda ya san bandirin 'yan Ƙadiriyya ya san siffarta: zoben katako, fata a fuska ɗaya, baya a buɗe. Manoman karkarar Ayalan suna da irin wannan zobe mai fata da suke sheƙar hatsi da shi kamar faifai, kuma masana da dama daga nan suke ganin ta fito. Wasu kuma sun ce daga tambarin Turawa mai kacau-kacau aka kwaikwaye ta a ƙarni na 19. Zanen da Daniel Maclise, mai zane ɗan Ayalan, ya yi a 1833 ya nuna mai kaɗa irinsa. Ta daɗe tana kayan tashen samari na ranar 26 ga Disamba, musamman a yankin Kerry, har sai da Seán Ó Riada, mai tsara kiɗa ɗan Ayalan, ya shigar da ita ƙungiyarsa ta kiɗan gargajiya wajajen 1960, sannan ta samu daraja.

Ga masu son haɗa ta a nan Legas, faɗinta yakan kai inci 14 zuwa 18, zurfi inci 4 zuwa 6. Fatar akuya ake so, ba jemammiya irin ta jaka ba. A jiƙa ta a ruwan farar ƙasa kamar mako guda har gashi ya saki, a kankare, a ɗauraye sosai, a ja ta kan zoben tana ɗanya, a kafe da ƙananan ƙusoshi, ta bushe a inuwa.

Wurin jan nan ake yin ɓarna. Danshin Legas na sa fata ta saki, sauti ya mutu, sai mai haɗawa ya ja ta iya ƙarfinsa. Ranar da aka kai gangar Kano cikin hunturu, fatar ta ƙanƙance, ta tsage daga bakin ƙusa ko ta lanƙwasa zoben. Maganinsa a sa ƙaramin zobe na biyu a ciki mai sukurori shida ko takwas, ana ɗaurewa da damina, ana sassautawa da rani. Kada a gasa ta a wuta don ta yi ƙara, fatar ƙeƙashewa take yi.

Wassalam.

Daga wasu masu haɗa ganguna,
Agege, Legas