A Sake Duba Ƙa'idar Shekara 35 a Aikin Gwamnati

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili a jaridarka domin mu yi magana a kan ritayar dole, musamman ƙa'idar nan ta shekara 35, wadda a ganinmu dalilin kafa ta ya kau tun 2004 amma har yau ake sallamar mutane da ita.

Zariya gari ne na 'yan albashi. Daga Samaru zuwa Kongo, daga Shika zuwa Basawa da Gyallesu, da wuya ka sami layin da babu wanda ke lissafin watannin da suka rage masa. Sai dai ba ƙa'ida ɗaya ake bi da kowa ba. Dokokin aikin gwamnati sun ce ma'aikaci ya ajiye aiki idan ya cika shekara 60 da haihuwa ko shekara 35 yana aiki, duk wanda ya riga zuwa. Dokar jami'o'i da aka gyara a 2012 ta kai farfesa shekara 70, sauran ma'aikatan jami'a 65, kuma a shekarar ce aka mayar da na kwalejojin ilimi da na fasaha 65. A 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar da ta ba malaman firamare da sakandare shekara 65 ko 40 ta aiki, ko da yake jihohi ba su ɗauke ta lokaci guda ba. A 2023 Shugaba Bola Tinubu ya amince da gyaran tsarin mulki da ya daidaita alƙalan manyan kotuna a shekara 70. Ka duba waɗanda suka sami ƙarin nan: duk masu ƙungiya mai ƙarfi ne ko masu kusanci da wurin da ake rubuta doka. Akawu da direba da mai gyaran injin da mai kula da fayil suna nan a inda aka bar su.

Ƙa'idar shekara 35 ba haka kawai ta faɗo ba. A tsohon tsarin fansho, gwamnati ce ke biyan komai daga baitulmali, kuma da yawan shekarun aiki ake lissafi. Mai shekara 10 yana samun giratuti daidai da albashinsa na shekara guda, da fansho kashi 30 cikin ɗari. Abin yana hawa duk shekara har ya tsaya a shekara 35, inda giratuti ke kai albashin shekara uku, fansho kuma kashi 80. Daga nan babu ƙari. To wanda ya kai wannan matsayi ya cika mudunsa, zamansa a ofis ba ya ƙara masa komai a fansho, sallamarsa kuma ba ta rage masa komai. A wancan tsari ƙa'idar tana da ma'ana.

Dokar gyaran fansho ta 2004, wadda aka sake yi a 2014, ta rushe wannan lissafi gaba ɗaya. Yanzu kowa da asusunsa. Ana cire kashi 8 daga albashin ma'aikaci, mai ɗaukar aiki ya zuba kashi 10, a kan ainihin albashi da kuɗin gida da na sufuri, kamfanin fansho ya juya kuɗin. Abin da ka tara shi za ka ci. Babu wani rufi da ake kaiwa a shekara 35. Duk watan da ka ƙara kana aiki, asusunka ya ƙaru. Duk watan da aka rage maka, ya ragu.

Mu ɗauki misali. Yaro ya gama sakandare ko kwalejin horar da malamai, ya kama aiki yana ɗan shekara 18. Zai cika shekara 35 yana aiki lokacin da yake ɗan shekara 53. Abokin karatunsa da ya wuce jami'a, ya yi bautar ƙasa, ya sha zaman jiran aiki, bai samu ba sai yana 30, shi zai zauna har 60. Na farkon ya rasa shekara bakwai, kuma su ne shekarun da albashinsa ya fi tsoka domin yana ƙololuwar matakinsa. Idan abin da ake lissafa masa fansho a kai naira 100,000 ne a wata, kashi 18 ya kama 18,000, wato 216,000 a shekara, a shekara bakwai 1,512,000, ban da ribar da kuɗin za su haifa, ban da albashin kansa. Wannan asara ta farko ke nan. Ta biyu ta fi ɓoyuwa. Idan mutum ya zaɓi a riƙa biyansa wata-wata daga asusunsa, kamfanin fansho yana duba shekarunsa da jinsinsa da abin da ke cikin asusun da albashinsa na ƙarshe, ya raba kuɗin a kan tsawon rayuwar da ake hasashe. Ɗan shekara 53 ana hasashen zai fi ɗan 60 daɗewa, saboda haka kasonsa na wata ya fi ƙanƙanta. Haka abin yake idan ya sayi fanshon har abada a kamfanin inshora. Ya tara kaɗan, an kuma shimfiɗa kaɗan ɗin a kan shekaru masu yawa.

Su wa ke shiga aiki da ƙuruciya? 'Ya'yan talakawa ne da ba su sami halin dogon karatu ba, da mata da suka shiga jinya ko unguwarzoma ko koyarwa da wuri. A nan Arewa ɗan shekara 53 yana da yara a firamare, wani ma da goyo a gida. Ya tsufa a idon mai ɗaukar aiki, amma bai tsufa a wurin masu cin tuwonsa ba.

Hujjar da ake kawowa kullum ita ce a ba matasa wuri. Ba mu raina ta ba, domin duk gidan da ka shiga a Tudun Wada ko Sabon Gari akwai mai digiri a zaune. Amma kujerar mai mataki na 14 ba ta komawa hannun sabon ɗauka. Ƙarin girma ake yi a cikin gida, gurbin ya sauko ƙasa, sannan a jira izinin ɗaukar aiki, wanda sau da yawa takunkumi ke hanawa. A wuraren da ake aikin hannu abin ya fi muni. Mai gyaran na'urorin ɗakin gwaje-gwaje, ko mai kula da injin ruwa, ko ma'aikaciyar jinya ta ɗakin tiyata, idan ta tafi ba tare da an haɗa ta da wanda zai gaje ta na shekara ɗaya ko biyu ba, ilimin ya tafi da ita. Daga baya sai a dawo da mutumin da kwantiragi, ba ƙarin girma, ba tabbas, sai wanda shugaba ya ga dama. An yarda dai da tsohuwar zuma ake magani, ana so ne a same ta da araha. Birtaniya ta soke shekarun ritayar dole na bai-ɗaya a 2011. Ba mu ce a kwaikwaye ta ba, yanayinmu daban ne. Abin da muke cewa ya fi haka sauƙi: a bar iyakar shekarun haihuwa, a mayar da shekara 35 zaɓi, wanda ya gaji ya tafi da cikakken haƙƙinsa, wanda ke da lafiya ya kai 60.

Akwai kuma wa'adin shekara takwas na daraktoci, wanda aka kawo a 2009 zamanin Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa, aka dakatar a 2016, aka dawo da shi a 2023. Wannan ya shafi mutane kaɗan, kuma suna da bakin da za su kare kansu.

Abin da ya fi cin rai shi ne ranar yanke albashi sananniya ce, kwamfuta ke yin ta ba ta kuskure, amma ranar fara fansho ba ta da mai ita. Wanda ya cika shekara 35 a 2025 ya shiga aiki a 1990, yana da shekara 14 a tsohon tsari kafin ƙarshen Yunin 2004, lokacin da sabon tsarin ya fara. Haƙƙinsa na waɗannan shekaru bashi ne a kan gwamnati, sai ta zuba shi a asusunsa kafin lissafi ya kammala. Doka ta ce a riƙa ware kashi 5 na albashin ma'aikatan tarayya duk wata a wani asusu a Babban Bankin Nijeriya domin biyan wannan bashi, amma shekara da shekaru abin da ake sakewa bai kai ba, mutane suka riƙa zaman shekara guda ko fiye ba albashi ba fansho. A 2025 gwamnatin tarayya ta amince da takardun lamuni na naira biliyan 758 domin share basussukan fansho. Mun yaba, amma girman adadin kansa shaida ne na yawan waɗanda aka bari a rana. Ma'aikatan Jihar Kaduna, da suka shiga tsarin karo-karo, wato sabon tsarin kowa da asusunsa, a farkon 2017, nasu tsohon haƙƙin ya fi tsawo, domin shekarunsu a tsohon tsari sun fi yawa. A cikin wannan zaman jira ne inshorar lafiya ta ma'aikata ke tsayawa, daidai lokacin da hawan jini da ciwon suga ke neman magani kullum. Inshorar rai ta rukuni, wadda doka ta ce kada ta gaza albashin shekara uku, ta mai aiki ce, ranar ritaya ta ƙare. Wanda ke gidan gwamnati kuma takardar tashi na biye da shi.

Ba duka jinkirin ne laifin gwamnati ba, kuma a nan muke so masu shirin ritaya su buɗe kunne. Ranar haihuwar da aka rubuta maka ranar da ka kama aiki ita ce taka har ka fita, dokokin aiki ba su yarda a canza ta ba. Mutanenmu da yawa takardar rantsuwar shekaru suka yi, wani ya yi ta sau biyu, ɗaya don makaranta ɗaya don aiki. Sai ka tarar fayil na cewa 1966, katin ɗan ƙasa 1968, banki wata shekarar dabam. Ko suna: nan Muhammad Sani, can Sani Mohammed, a wani wuri an ƙara Zariya a ƙarshe. Kowane saɓani irin wannan yana tsayar da biya. Shekara biyu kafin lokaci, ka nemi ganin fayil ɗinka, ka gyara katin ɗan ƙasa da bayanan banki su dace da shi. Idan ka buɗe asusun fanshonka kafin Yulin 2019, ka je kamfanin a sabunta bayananka da lambar NIN ta katin ɗan ƙasa. Idan an taɓa buɗe maka asusu biyu, a haɗe su tun yanzu. Ka karɓi cikakken bayanin asusu, ka bi shi wata-wata kana gwadawa da takardun albashinka, domin an sha cire kuɗi ba a zuba ba, kuma neman su ya fi sauƙi kana da tebur a ofis.

Ma'aikacin tarayya da ake biya daga baitulmali dole ya yi rajistar tantancewa ta PenCom, hukumar kula da fansho ta ƙasa, kafin ritayarsa. Ana fara ta a intanet, a kammala a ofishin kamfanin fansho. Za a nemi takardar kama aiki ta farko, shaidar haihuwa, takardun ƙarin girma musamman wadda ke nuna matakinka a Yunin 2004, bayanin tarihin aiki mai sa hannun ofis, da takardar gabatarwa daga ma'aikatarka. Wanda ya tsallake wannan ba ya cikin kasafin shekararsa. Wanda ya taso daga aikin jiha ya koma na tarayya da takardar canjin aiki ya tuna shekarun jihar suna cikin 35 ɗinsa. Nan mutane ke faɗawa rami: su ƙirga daga ranar da suka koma tarayya, su wuce lokacinsu, daga baya a zare duk albashin da suka ci daga haƙƙinsu. Sanarwar wata uku kafin ritaya ma ba hutu ba ce kamar yadda ake ɗauka, lokacin halartar bita ne da daidaita takardu. Kada kuma a manta da kuɗin asusun gidaje, kashi 2.5 da aka yi ta cirewa. Ana mayar wa mai ritayar da ba shi da bashin gida, amma sai ya cike takarda ta hannun ofishinsa. Sunan magaji shi ma a sabunta shi, iyali su san kamfanin da lambar asusun, domin idan ta Allah ta kasance sai sun kawo takardar izinin gado daga kotu.

Wajen karɓar dunƙulen kuɗi na farko, a yi hattara. Duk abin da ka ƙara ɗauka a dunƙule daga na wata-wata ake rage shi. Hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 a Disambar 2024 bisa alƙaluman Hukumar Ƙididdiga, fanshon da ke sayen buhun masara a shekarar ritaya ba lallai ya sayi rabinsa bayan 'yan shekaru ba. Sashe na 173 da na 210 na tsarin mulki sun ce a riƙa sake duba fansho duk shekara biyar ko duk lokacin da aka ƙara albashi. An kai mafi ƙarancin albashi naira 70,000 a 2024. Kowane ɗan fansho ya duba abin da ya shigo wayarsa ya gani ko sashen ya yi aiki a kansa.

Muna kira ga 'yan majalisarmu na Zariya da Sabon Gari, na jiha da na tarayya, da shugabannin ƙwadago, da su nemi a rubuta a doka cewa ba za a cire sunan ma'aikaci daga takardar albashi ba sai an zuba tsohon haƙƙinsa a asusunsa, ko kuma a ci gaba da ba shi wani kaso na albashin har fanshon farko ya shigo, a cire daga baya. A bar masa katin asibitinsa a wannan tsakani. Sannan a kawo ƙudurin da zai mayar da shekara 35 zaɓi ga duk wanda ke cikin tsarin karo-karo, a fara da ma'aikatan fasaha da na asibiti inda gurbinsu ya fi wuyar cikewa.

Wassalam.

Naka,
Wasu tsofaffin jami'an kula da ma'aikata da harkar fansho,
Zariya, Jihar Kaduna.