Wasiƙar Godiya ga Ma'aikatan Laburaren Yankin Ashanti da ke Kumasi

Zuwa ga shugaban laburare da dukkan ma'aikatansa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, na zaɓi in rubuto wannan takarda a bainar jama'a ne saboda abin da kuka yi mini ya fi ƙarfin godiyar bakin ƙofa, kuma Hausawa sun ce yaba kyauta tukwici. Ni 'yar kasuwa ce, atamfa nake sayarwa a kasuwar Kejetia, gidana yana Aboabo. Karatuna na allo ne. Turancina bai wuce na ciniki ba, amma Hausa da Tonanci, wato yaren Asante, ina jin su kamar kowa a garin nan.

Sai na faɗa muku halin da nake ciki kafin in zo wurinku, in ba haka ba za ku ɗauka yabon ya yi yawa. Akwai ɗiyar ƙanwata da nake riƙo tun da Allah ya yi wa mahaifiyarta rasuwa. Tana aji biyar a firamare. A makarantar allo malaminta yana alfahari da ita, hadda ba ta yi mata wuya. Amma idan aka miƙa mata littafin Turanci sai ta sunkuyar da kai, ta riƙa bin baƙi da yatsa, bakinta yana motsi babu sauti. Na biya kuɗin darasin yamma har na gaji. Wani ya ce yarinyar ba ta da kai. Wata kuma ta ce mini a fuska wai 'ya'yan zango haka suke, gara in koya mata talla. Na koma gida ranar ban iya cin abinci ba.

A wannan tsakanin ne kuma nake faman gyara sunanta a wata takarda, inda aka yi kuskuren baƙi ɗaya tak. Ba zan kama sunan ofishin ba, duk wanda ya taɓa shiga irinsa ya san abin da nake faɗa. Ka yi sammako, ka rufe shagonka, ka zauna a benci har azahar, sannan a ce maka mai sa hannu ya fita, ko kwamfuta ba ta aiki, je ka dawo gobe. A bakin ƙofa kuwa dillalai suna jira, suna raɗa maka cewa in ka ba da na goro yau ɗin nan za a gama. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne tambayar da ake yi da zarar an ga mayafi an ji suna: daga ina kakanki ya zo? A Kumasi aka haife ni, a Kumasi aka haifi uwata. Iyayenmu ba su manta da shekarar 1969 ba, lokacin da gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda wa'adin barin ƙasa, zanguna suka watse, maƙwabci ya rabu da maƙwabci. Tun daga nan da yawa daga cikinmu suka yi gadon tsoron duk ginin da ke da tebur da rajista. Da wannan zuciyar na nufo ku.

Wata mai saye a wurina ce ta ce in gwada laburaren da ke cikin Cibiyar Al'adu ta Bantama. Shekara da shekaru ina wucewa ta gaban wurin idan zan je duba mara lafiya a asibitin Komfo Anokye, ban taɓa zaton akwai abin da ya shafe ni a ciki ba. Na ɗauka wurin 'yan jami'a ne da masu yawon buɗe ido da ke zuwa kallon kayan tarihin Sarkin Asante Prempeh na Biyu.

Ga abin da ya faru. Matar da ke kula da sashen yara, wadda ba zan ambaci sunanta ba don ban nemi izininta ba, ta tashi daga kujerarta ta tarye mu. Ta ce, "Hajiya, sannu da zuwa," da Hausarta ta koyo, sannan ta juya Tonanci ta tambayi abin da ke tafe da mu. Ba ta tambayi asalina ba. Ba ta kalli agogo ba. Ta jawo mini kujera, ita kuwa yarinyar ta ce mata ta zagaya ta ɗauko duk littafin da ya burge ta, ko da hoton bangon ne kawai ya yi mata kyau. Ni dai ina zaune ina jiran inda za a ce in kawo wani abu, har muka tashi ban ji ba. Sai ƙa'idar rajista da aka yi mini bayaninta dalla-dalla, aka rubuta, aka gama. Gaskiyar masu iya magana, shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma.

Abin da Madam ta yi wa yarinyar nan shi ne dalilin wannan wasiƙa. Ta zaunar da ita a gefe, inda sauran yara ba sa ji, ta ce ta karanta mata shafi ɗaya. Duk kalmar da ta gagare ta sai ta lanƙwasa yatsa ɗaya. Kafin a kai ƙarshen shafi yatsu biyar sun ƙare. Madam ta ce ba komai, littafin ne ya yi mata girma a yanzu, ya jira ta. Ta sauko da ita zuwa na 'yan aji biyu, masu manyan baƙaƙe da hotuna, amma ta zaɓo waɗanda ba za su sa yarinya mai shekarunta jin kunya ba: labarin kasuwa, labarin yarinyar da aka aika ɗibar ruwa, da tatsuniyoyin Ananse, waɗanda tana jin su ta ce, "Inna, ai wannan Gizo ne!" Ranar ce na fara jin ta yi dariya da littafi a hannu.

Da na ce wa Madam ni ba zan iya taimaka mata a gida ba tunda ba na karanta Turanci, sai ta girgiza kai. Ta ce, "Hajiya, ke ce ma za ki fi kowa taimaka mata. Ta karanta miki da ƙarfi, in ta gama ta ba ki labarin da Hausa. In ta iya mayar da shi Hausa, to ta gane. In ta kasa, ta sake." Ta kuma ce yaron da ya iya zama ya haddace Alƙur'ani yana da kunne, yana da haƙuri, kuma su ne jarin karatu. Ban taɓa jin ma'aikacin boko ya ɗauki makarantar allo a matsayin abin da ke taimakon yaro ba. Kullum cewa ake ita ce ke cinye masa lokaci. Yanzu bayan sallar isha'i, ko da an ɗauke wuta, da fitilar waya muke zama, tana karantawa ina tambaya. Ta bar littattafan hotuna, ta shiga masu babi-babi. Kwanan nan ita ta ba ni labarin Yaa Asantewaa, sarauniyar da ta jagoranci Asante a yaƙinsu da Turawa na 1900, har da yadda Turawa suka kai ta tsibirin Seychelles, inda ta rasu a 1921. Ina sayar da kaya a tsakiyar ƙasar Asante tun ƙuruciyata, amma daga bakin 'yar riƙona na ji ƙarshen labarin.

Sauran hidimominku ba sai na tsawaita ba. Ana ba da aron littafi a tafi da shi gida, akwai wurin zama mai shiru inda babban ɗana yake bitar tsofaffin tambayoyin jarrabawar BECE ta kammala ƙaramar sakandare, a lokacin hutu kuma ana tara yara su yi karatu tare. Wani saurayi daga cikinku ya sa mana manhajar Hukumar Laburare ta Ghana a waya, ya nuna wa yaran yadda za su buɗe littafi a ciki. Ni ma ban tsira ba, Madam ta nemo mini wani littafi mai hotunan saƙar kente da tambarin adinkra, yarinyar tana karanta mini ma'anarsu, ni kuma ina faɗa wa masu saye.

Daga baya na ji cewa wannan hukuma tun 1950 aka kafa ta, kafin ƙasar ta samu 'yancin kai a 1957, kuma tana cikin na farko-farko a Afirka. Na ji an ba ta kyautar gwarzon laburare a bajekolin littattafai na Landan a 2021, kuma UNESCO ta naɗa Accra babban birnin littafi na duniya na shekarar 2023. Waɗannan abubuwan alfahari ne. Amma ku ma'aikatan gwamnati ne kamar waɗancan da suka wahalar da ni, albashinku daga aljihu ɗaya yake fitowa, zafin rana ɗaya kuke sha. Me ya sa ku kuka iya tashi ku gaishe da mutum, su kuwa ɗaga kai daga waya ya gagare su? A wani wurin mai jinya tana yi wa tsohuwa tsawa don ba ta jin Turanci. A wani wurin mai karɓar kuɗi yana wurgo maka takarda kamar sadaka ya ba ka. Mun saba da wulaƙanci har ya zama idan aka mutunta mu sai mu tsargu, mu fara neman inda tarkon yake. Wannan ba ƙaramin ciwo ba ne a ƙasa, kuma ba rashin kuɗi ne ya kawo shi ba.

Ina da roƙo, kuma na mai ƙauna ne. Ku taimaka ku nemo mana littattafan Hausa. Na san Hausa ba ta cikin harsunan gida da ake koyarwa a makarantun gwamnati, amma ku leƙa Aboabo da Asawase da Sabon Zango da Alabar ku ji abin da yara suke magana da shi. A Kano da Zariya ana buga littattafan Hausa ba adadi, kuma 'yan kasuwarmu suna zuwa suna dawowa. Mu ma a nan muna da namu tarihin rubutu. Alhaji Umaru na Kete Krachi, wanda aka haifa a Kano ya rasu a ƙasar nan a 1934, ya bar waƙoƙi da rubuce-rubuce da Larabci da Hausar ajami, wasunsu suna ajiye a Jami'ar Ghana da ke Legon. Ya kamata ɗan zango ya tarar da labarin irin waɗannan malamai a kan kantarku. Haka kuma motar nan taku mai yawo da littattafai, muna roƙon ta riƙa tsayawa a unguwanninmu, don ba kowace uwa ce ke da kuɗin tarotaro na zuwa da dawowa ba.

Ku kuma sarakunan zango da limamai da malaman makarantun allo, ina roƙonku ku sanar da jama'a bayan sallar Juma'a cewa wurin nan namu ne, harajinmu ne ke riƙe da shi. Daga Kejetia da ƙafa ma ana zuwa. Na riga na kai 'ya'yan maƙwabtana, kuma yadda aka karɓe ni haka aka karɓe su.

Madam ta sashen yara, Allah ya saka miki da alheri, ya raya miki zuri'a, ya ba ki masu jin ƙanki kamar yadda kika ji ƙan marainiyar nan. Saurayin da ya sa mana manhaja, da mai gadin da ke yi mana iso, da masu share wurin, Allah ya ba kowa ladansa, ya ƙara muku girma a bakin aiki.

Wassalam.

Taku mai godiya,
wata uwa daga Aboabo, Kumasi