Kowace gaskiya da ma'auninta

'Yata,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, karatu kuma yana tafiya daidai. Kin ce gardama ta ƙi ƙarewa a ajinku na falsafa, wasu na cewa gaskiya ɗaya ce, wasu na cewa kowa da tasa. Duk sun yi gaggawa. Kafin ki sa baki, ki fara tantance irin maganar da ake yi, don ba a auna ruwa da igiya.

Akwai maganar da hankali kaɗai yake yanke mata hukunci. Biyu da biyu huɗu. Gwauro ba shi da mata. Ba sai kin bi gida gida kina ƙidaya ba, ma'anar kalmar ta riga ta gama aikin. Malaman tauhidi suna kiran wannan hukuncin hankali, suka kasa shi uku: wajibi (abin da dole ya kasance), mustahili (abin da ba ya yiwuwa) da ja'izi (abin da zai iya kasancewa ko ya ƙi). Masanin Jamus Leibniz ya kira irinta gaskiyar tunani a 1714, ya ce alamarta ita ce kishiyarta ba ta yiwuwa. Inda ake zamewa a nan shi ne sharaɗin da ba a faɗa ba. An koya miki jimlar kusurwoyin alwatika digiri 180 ce, kuma haka ne, amma a kan shimfiɗaɗɗen fili. Ɗauki ƙwallo. Ja layi a jikinsa daga ƙoƙuwarsa zuwa ɗamarar da ta raba shi biyu daidai, ki bi ɗamarar har rubu'in zagaye, ki koma sama inda kika faro. Kusurwa uku ke nan, kowace digiri 90, jimla 270. Lissafi bai yi ƙarya ba, filin ne ya canza.

Sai wadda ake samu ta gani da gwaji, wato hukuncin al'ada: wuta tana ƙuna, ruwa yana tafasa a digiri 100 na ma'aunin Selshiyas. Irin wannan ba ta taɓa zama dole. Masanin falsafa David Hume ya nuna a 1748 cewa ko sau nawa abu ya maimaitu, hankali bai hana ya saɓa gobe ba. Ruwan nan ma da sharaɗinsa: a daidai gaɓar teku ne yake kai 100, a ƙololuwar dutsen Everest wajen digiri 70 yake tafasa saboda nauyin iska ya ragu. Don haka in an ce miki “kimiyya ta tabbatar”, ki tambayi abu uku: me aka auna, a wane yanayi, kuma me za a gani da zai rushe maganar. Wanda ya ce babu abin da zai rushe ta, ya bar gonar gwaji ya shiga wata.

Ta uku ce ta fi buƙatar kulawarki, don yawancin abin da kika sani jiyau ce ke, ba ganau ba. Ba ki taɓa zuwa Sin ba, amma ba kya shakkar tana nan. Wannan shi ne tawaturi, kuma malaman usulu sun gindaya masa sharuɗɗa: masu ba da labarin su yi yawan da ba za su haɗa baki kan ƙarya ba, yawan ya ɗore a kowane mataki na isnadi, wato jerin waɗanda labarin ya bi ta bakinsu, kuma na farkon su zama sun gani ko sun ji da kansu, ba hasashe suka yi ba. Sharaɗi na biyu ne ke kā da mutane a zamanin waya. Saƙon da mutum dubu suka tura, in an bi sawunsa ya tsaya kan mutum guda, shaida ɗaya ce tak. Ki riƙa ƙirga tushe, ki bar ƙirga baki.

Akwai kuma abin da mutane suka zauna suka ƙulla. A 2006 ƙungiyar masana taurari ta duniya ta cire Fuluto daga jerin manyan duniyoyi, suka koma takwas. Fuluto bai ragu da ko tsakuwa ba, ma'anar kalma aka gyara. Ƙasar Suwidin ta bar tuƙi ta hagu ta koma dama ranar 3 ga Satumba, 1967. Gaskiya ce mai ɗaure kowa, amma ta wuri da lokaci ce, kuma rabin gardamar ɗalibai a kanta take ba su sani ba.

Ta ƙarshe ita ce maganar “ya kamata”. Gwaji ya nuna shan taba yana jawo kansar huhu. Bai nuna a hana sayar da ita ba, sai an ƙara wata ƙa'ida game da rai da 'yancin mutum. Mai wayo yakan ɓoye wannan ƙa'idar a cikin alƙaluma, ke kuwa ki zaro ta fili ki duba. Kada kuma ki yarda da masu cewa tunda ba a auna ta da na'ura, son rai ce kawai. Ana kawo mata hujja, ana kuma kama mai tufka da warwara a cikinta.

Wani abu da nake so ki kiyaye a aji: gaskiyar magana daban, gaskiyar mai magana daban. Wanda ya faɗi abin da ya yi imani da shi, ya zama ba haka ba ne, kuskure ya yi, bai yi ƙarya ba. Ki gyara masa lissafi, kada ki taɓa mutuncinsa.

Mahaifiyarki da ƙannenki suna gaishe ki. Ki rubuto min yadda malaminku ya bi da misalin ƙwallon nan.

Mahaifinki