A Ceto Tsofaffin Jaridunmu Daga Gara

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Don Allah ka ba ni ɗan fili. Kwanan baya muna gyaran ɗakin marigayi kakanmu na ci karo da ɗaurin Gaskiya Ta Fi Kwabo a ƙasan adaka, gara ta cinye rabi. Abin da ya saura na kwana ina karantawa: naɗin sarauta, farashin gyaɗa, wasiƙun mutanen karkara suna kukan rijiya da hanya. Wallahi babu littafin makarantar da ya taɓa nuna mini garinmu haka.

An fara buga jaridar nan a Zariya a 1939, Abubakar Imam na editanta. Daga baya, zamanin NORLA, hukumar buga littattafai da jaridu ta Arewa, larduna suka samu nasu: Sodangi a Kano, Himma a Katsina, Zaruma a Sakkwato. Yau wa ke da cikakken jerinsu? Da yawa sun ƙare wajen mai tsire da mai ƙosai.

Roƙona, ku yi shela duk mai tsohuwar jarida a gida ya kawo a ɗauki hotonta a sa a intanet. Tawa tana nan, ni zan fara kawowa.

Naka,
Wani mai karatu daga Zariya